Shin Tarihi Yana Cika Rumbu?

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na Tattalin Arziki ya yi darasi biyu cur yana ba mu labarin wani Bature mutumin Sikotilan, wai shi Adam Smith. An haife shi a 1723, ya zama shehun malami a Jami'ar Gilasgo a 1751, kuma a 1776 ya fitar da littafinsa a kan yadda arzikin ƙasashe yake haɓaka. Muka kwafa, muka haddace saboda jarrabawa. Da aka tashi sai na bi malam har ƙofar ofis, na ce, "Malam, shin mu ba mu taɓa yin mai irin wannan tunani ba ne?" Ya yi murmushi, ya ce in tafi laburare in nemi sunan Yusufu Bala Usman. Abin da na samo shi ne ya jawo gardama tsakanina da mahaifina a hutun damina, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

An haifi Dakta Bala Usman a Musawa ta ƙasar Katsina a 1945. Ɗan sarauta ne, domin jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lankasta ta Ingila, ya dawo gida ya koyar a Kwalejin Barewa ta Zariya, watau ya taɓa tsayawa gaban yara irinmu da alli a hannu. Daga nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bincike a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, ya sami digirin dakta a 1974. Binciken nasa a kan yadda ƙasar Katsina ta sauya ne, kuma a 1981 aka buga littafinsa da ya duba wannan sauyi daga 1400 zuwa 1883. A sashen Tarihi na jami'ar nan ya yi yawancin rayuwarsa, har Allah ya yi masa rasuwa ran 24 ga Satumba, 2005.

To, me ya koyar? Gwargwadon fahimtata, ya ƙi yarda da Turawan da suka rubuta tarihinmu kamar ba kome a ciki sai faɗan ƙabilu, wai Fulani sun yaƙi Haɓe, shi ke nan. Shi kuwa cewa ya yi a duba wa ke noma, wa ke fatauci, wa ke karɓar haraji, wa ya yi ƙaura ya zauna ina, sannan a gane abin da ya faru. Har ila yau, a 1987 ya fitar da wani littafi da ya nuna yadda masu neman mulki da dukiya suke fakewa da addini su haɗa talakawa faɗa, alhali kuwa su suna can suna cin tuwo a akushi ɗaya. Na karanta wannan da dare a ɗakin kwana, na tuna rigimar da aka yi a yankinmu bara tsakanin manoma da makiyaya. Kowa ya ce faɗan ƙabila ne. Amma duk wanda ya tashi a wurin ya san burtalin da shanu ke bi tun zamanin kakanni ne aka nome, saboda ƙasa ta yi mana kaɗan.

Lalle kuwa ta yi kaɗan. A ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta babu saura, babu daji. Gona tana jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ne kawai, kuma kowace shekara sai an nome ta, da takin da jakuna suka kai da rani. Gandun kakana 'ya'ya maza huɗu aka raba wa. Mu kuwa a ɗakin mahaifina mu biyar ne maza. Ba sai an kira malamin lissafi ba.

Saboda haka da na gaya wa Baba ina son in karanci Tarihi da Kimiyyar Siyasa a jami'a, muna tsakiyar maimai ne a gonar gero, sai ya ajiye fartanya ya dube ni. Ya ce, "Kai yaro, tarihi yana cika rumbu ne? Ka karanci Akanta ka sami aikin banki, ka ɗauke wa ƙannenka nauyi." Ban ce uffan ba, don ba a musu da uba a bakin gona, kuma maganarsa tana da nauyi. Shi yake sayar da akuya duk lokacin komawa makaranta, ba ni ba.

Amma da dare kakana, wanda ya ji labari, ya kira ni yana tsokanata, wai ga Dakta ya zo. Ya ba ni labarin zamanin haraji, yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci idan ya kasa biya, da yadda mutum kan sayar da hatsinsa da araha tun da kaka don kada a ci masa mutunci. Na tambaye shi yaushe abin ya ƙare. Ya ce lokacin Rimi. Gaskiya ne, a 1979 gwamnatocin PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, kuma Bala Usman ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin mulkin jam'iyyar. Ba shi ya fara wannan gwagwarmaya ba, Malam Aminu Kano da 'yan NEPU sun daɗe a kanta tun 1950. Abin da nake so a lura shi ne, dammunan da suka zauna a rumbun kakana maimakon su tafi kasuwa, tunanin wasu mutane ne ya bar su a ciki. Ga amsar tambayar Baba, ko da yake ban iya faɗa masa ido da ido ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu 'yan makaranta kai tsaye. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki, Bala Usman yana ciki. Shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi amincewa da abin da masu rinjaye suka tsara, suka rubuta nasu dabam a 1976, suna neman abubuwa irin su ilimi da lafiya su zama haƙƙin da talaka zai iya nema da ƙarfin doka. Ba a karɓi nasu ba. Tsarin mulkin 1999 ma ya jera waɗannan alkawura a babi na biyu, amma ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika su. Wanda ya taɓa yin karatu a ajin da iska ta yaye wa rufi ya san abin da aka rasa.

Ban ce mutumin ba shi da aibi ba. An san shi da kaifin harshe a muhawara, kuma ni kaina ina da ƙorafi guda: manyan littattafansa da Turanci suke, Turancin ma mai tauri, wanda sai da ƙamus na iya ratsa shi. Manomin da aka yi rubutun dominsa ba zai iya karantawa ba. Da ina da iko, da na sa an juya su zuwa Hausa an ajiye a laburaren kowace makaranta, kusa da Adam Smith, ba a madadinsa ba. Ina kuma roƙon iyayenmu, idan yaro ya ce zai karanci Tarihi, a daure a tambaye shi dalili kafin a ce ya lalace.

Ranar da zan dawo makaranta Baba ya raka ni bakin titi da ƙullin ƙuliƙuli da garin kwaki. Muna jiran mota sai ya tambaye ni, wai wannan Dakta da nake ta ambato, ɗan sarki ne da gaske ya bi bayan talakawa? Na ce e, Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce maganar jami'a a bari sai an yi girbi, mu ga abin da gero ya yi.