Mutum-mutumin da Yauri ke buƙata ba shi da fuska

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu iliminmu: wai koyar da ƙera mutum-mutumi a makarantun Yauri, Ngaski da Shanga almubazzaranci ne, a bari sai an samu wuta da kujeru da malamai. Da ji kamar hankali, shi ya sa kowa ke gyaɗa kai. Sai dai masu faɗar haka, abin da ke ransu shi ne irin Omeife da kamfanin Uniccon ya baje kolinta a Abuja a ƙarshen 2022, mai fuska da baki, tana gaisawa da manyan baƙi. In ita ce, ni ma ban ga abin da za ta tsinana wa masunci a Yelwan Yauri ba.

Shi kuwa injiniya abu uku yake haɗawa: na'urar da ke ji ko gani, 'yar ƙwaƙwalwar da ke yanke shawara, da injin da ke aikatawa. To a kai ukun nan bakin ruwa.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane wajen 44,000, ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da dazuzzuka. Kututturan itatuwan suna nan ƙarƙashin ruwa har gobe. Tafkin kuma yakan ja baya kusan mita 10 tsakanin cikarsa da ƙafewarsa, don haka hanyar da jirgi ya bi lafiya da hunturu, da bazara ta zama tarko. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kusa da Warra a Ngaski, waɗanda aka tsamo da rai kimanin 20 ne. Lodi ya wuce kima, gaskiya ne, kuma babu na'urar da za ta hana mai jirgi kwaɗayi ko ta sa wa fasinja rigar kariya. Amma wane matuƙi ne ke riƙe da taswirar abin da ke ƙarƙashin jirginsa?

Ɗan ƙaramin kwale-kwale marar matuƙi zai iya zana ta. Yana jefa sauti ƙasa, sautin na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ya bugi kututture ko yashi ya dawo, ƙwaƙwalwar ta lissafa zurfi, GPS ya rubuta wurin. Allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a Ivrea ta Italiya a 2005 domin ɗalibai, ya isa wannan aiki. Batir da faifan sola ɗaya sun wadatar, wato hujjar rashin wuta ta faɗi, ko da yake abin kunya ne a yi ta a gaɓar tafkin da ke ba Najeriya wuta.

Ɗalibin da ya ƙera wannan zai sha wuya, kuma wuyar ce karatun. Ruwa zai shiga masa wayoyi, ciyawa ta naɗe farfela, iska ta kautar da jirgin daga layi. Dole ya koma ga lissafin da ya haddace ya ga inda ya yi masa ƙarya. Dole ya durƙusa gaban mai walda da mai gyaran injin jirgi, ya tambayi dattawan Sarkawa da Gungawa inda tsofaffin garuruwa suke, da tsohuwar zuma ake magani. Kwatanta shi da wanda ya saya aikin kammala karatu a shagon buga takardu, aka ba shi shaidar injiniya bai taɓa ƙona yatsa da dalma ba.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi suna yaye ɗalibai duk shekara, cibiyar binciken kifi ta New Bussa tana can ƙarshen tafkin. Su raba ruwan tsakaninsu, kowane aji ya auna yankinsa da bazara, a buga taswirar, a manna ta a tashar jiragen Yelwa da ta Warra kafin ranar kasuwa.