Wa Zai Auna Gumin Leburan Ƙaramar Hukuma?

Duk wanda ya ratsa titunan birni da sassafe a farkon damina ba zai rasa ganinsu ba. Galibinsu dattawa ne, sun naɗe ƙafar wando, sun shiga lambatu iya gwiwa, suna kwaso leda da yashi da baƙin caɓi da shebur suna jibgewa a bakin hanya. Babu takalmin ruwa, babu safar hannu, sai ɗan ƙyallen da wani ya ɗaure hancinsa da shi. Mai wucewa ya toshe hanci ya ƙara sauri, su kuwa nan za su wuni. Waɗannan su ne leburorin ƙaramar hukuma, abokan aikin birkiloli da kafintoci da makanikai da direbobin tifa na sashen ayyuka. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya bai shiga gidajen jama'a ba, to bayan ikon Allah aikin hannunsu ne. Amma idan aka buɗe takardar albashi, sai an gangara can ƙarshenta kafin a ga sunayensu.

Wannan magana ta shafi matasa kai tsaye. Da yawa daga cikin 'yan uwa masu karanta wannan shafi 'ya'yan irin waɗannan bayin Allah ne, da wannan ɗan albashin aka saya musu allo da littafi. Wasu kuma yanzu haka suna ta zarya a sakatariya da takardunsu a hannu, suna neman a ɗauke su ko da aikin lebura ne. To, wanda zai hau tsani ya kamata ya san inda tsanin ya fara da inda ya ƙare, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Da farko dai aikin da waɗannan mutane suke yi ba ƙaramin aiki ba ne ko a idon dokar ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan da suka rataya a wuyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, kuma a cikinsu akwai yin ƙananan hanyoyi da gyaransu, da fitilun titi, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da maƙabartu. Duk waɗannan babu wanda ake yinsa a kan tebur. Da diga da shebur da baro ake yinsu. Ke nan wanda ke riƙe da digar shi ne ainihin ƙaramar hukuma a wurin talaka, ko da kuwa talakan bai taɓa ganin fuskar ciyaman ba.

Shi wannan tsani na albashi yana da asali. A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Kafin nan ma'aunan albashi barkatai suke, kowane fanni da nasa. Hukumar ta tattara su ta mayar da su tsani guda mai matakai 17. Dattawa har yau suna tuna kuɗin Udoji, wato ariyas ɗin da aka biya a 1975, wanda ya cika gari da rediyoyi da babura. Amma abin da aka manta shi ne manufar aikin, wato a duba kowane aiki, a auna nauyinsa da ƙwarewar da yake bukata, sannan a ajiye shi a matakin da ya dace da shi, ta yadda ayyukan da nauyinsu ɗaya ne za su sami lada ɗaya. Da aka yi gyaran 1976, aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, sai ma'aikatansu su ma suka hau wannan tsani.

To, yaya tsanin yake aiki? Kowane ma'aikaci yana da layin da aka ɗauke shi a kai, kuma kowane layi yana da ƙofar shiga da rufin da ba a wucewa. Mai digiri yana shiga ne a mataki na 08, mai ƙaramar difloma a mataki na 06. Leburan da ba shi da takardar sana'a daga gindin tsani yake farawa, kuma da wuya ya yi nisa da nan har ya tsufa. Mai sana'ar hannu, kamar birkila ko kafinta, yana farawa ne a matsayin mataimaki a mataki na 03, ya zama cikakken mai sana'a a 04, babban mai sana'a a 05, foman a 06, babban foman a 07. Shi ke nan, layinsa ya ƙare. Direba ma haka, daga 03 zuwa 07. A ƙa'ida, wanda yake mataki na 06 zuwa ƙasa sai ya shekara biyu kafin a duba ƙarin girmansa, daga 07 zuwa 14 kuma shekara uku. Sannan a cikin kowane mataki na ƙasa akwai ƙananan hawa 15, waɗanda ake hawa ɗaya a kowace shekara da ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu mai karatu ya yi wannan lissafi. Saurayi ya shiga aiki a matsayin mataimakin birkila a mataki na 03. Idan komai ya tafi daidai, ba a danne masa ƙarin girma ko sau ɗaya ba, cikin shekara 8 zai kai mataki na 07. Dokar aiki ta ce a yi ritaya bayan shekara 35 ana aiki, ko kuma in an cika shekara 60 da haihuwa. Ke nan saura masa shekara 27 a mataki guda, kuma tun kafin ya gama su ƙananan hawan nan sun ƙare, ko ɗan ƙarin shekara babu. A ranar da ɗan cikinsa ya gama jami'a aka ɗauke shi aiki, a ranar ya wuce matakin da uban ya kai bayan ya shekara talatin yana gina kwalbati. Wannan fa shi ne mai sa'a, wanda aka bi masa ƙa'ida.

Kada wani ya ɗauka ana ƙyashin masu ilimi ne. Ko kusa. Injiniyan da ya sha wahalar karatu, wanda in gada ta rushe shi za a tuhuma, ya cancanci matakinsa, kuma neman ilimi abu ne da ake kwaɗaitar da kowane matashi a kansa. Abin da ake cewa shi ne, ma'aunin ya karkace. An ce za a auna aiki, sai aka koma auna satifiket kaɗai. Ina matsayin haɗarin da mai shiga lambatu yake fuskanta daga fasassun kwalabe da allurai da ƙwayoyin cuta? Ina matsayin ƙwarewar makanikin da zai saurari kukan gireda ya faɗi abin da ke damunta tun ba a kwance ta ba? Ina matsayin foman da ke riƙe da mutum ashirin a bakin aiki cikin rana? Duk waɗannan tsanin bai san da su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin takaicin ma shi ne, ko wannan gajeren tsani ba kowa ake bari ya taka shi ba. A wurare da dama akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna aiki da sunan 'yan wucin gadi. Ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da mataki, ba su da fansho, sai ɗan abin da aka danƙa musu a hannu in an ga dama. Alhali dokar ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Akwai kuma waɗanda aka ba takardar ƙarin girma suka kai gida aka yi murna, amma wata ya bi wata albashin yana nan yadda yake. Akwai wanda aka rubuta shi lebura, amma shi ke tuƙa tifa kullum, ana biyansa kuɗin lebura. Wannan me ya raba shi da tauye mudu?

Wani abin lura shi ne inda ikon yake. Daga mataki na 07 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ita ke ɗauka, ta ƙara girma, ta hukunta. Daga 06 zuwa ƙasa kuwa an bar al'amarin a hannun ita ƙaramar hukumar. Wato mafi raunin ma'aikata su ne suka fi kusa da hannun 'yan siyasa. Shi ya sa in aka canza shugabanci, zullumi ya fi kama na ƙasa, domin kowa ya san gurbin lebura shi ne mafi sauƙin rabawa ga 'yan kanzagi, kuma a nan ne sunayen ma'aikatan bogi suka fi samun maɓoya.

Za a ce ai an ƙara mafi ƙarancin albashi. Haka ne. A 1981 naira 125 ne, a 2011 ya kai 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a watan Yulin 2024 kuma aka sa hannu a kan 70,000, Jihar Kano ma ta sanar da 71,000. A baki adadin yana da girma. Amma a 1981 naira ta fi dala daraja, naira 125 ɗin nan ta kai kimanin dala 200. A lokacin da aka sa hannu a kan 70,000 kuwa dala ɗaya ta haura naira 1,500, wato albashin bai kai dala 50 ba, kuma wannan ya zo ne bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya ɗaga kuɗin mota da na masara gaba ɗaya. Uban da ya yi lebura a zamanin Shagari ya fi ɗansa mai lebura a yau iya cika tukunya. Wannan ba ci gaba ba ne, sai dai ci gaban mai haƙan rijiya.

Uzurin da aka saba ji shi ne babu kuɗi. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, ciyamomi suna cewa abin da ke iso musu bai kai ya kawo ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya biyo, tambayar ɗaya ce: wa aka fara tunawa da shi in ya iso? Hukumar da ta iya biyan alawus ɗin zama da na tafiye-tafiye, ta iya tara masu ba da shawara, ba ta da bakin cewa ta kasa sayen takalmin ruwa ga mai yashe kwata. Ladan ma'aikaci a Musulunci bashi ne a wuyan wanda ya sa shi aiki, ba kyauta ba ce, kuma jinkirta shi ga mai halin biya zalunci ne da za a tsaya a kansa gobe ƙiyama. Mahukuntan da suke sahun gaba a masallaci ran Juma'a sun fi kowa sanin haka.

Saboda haka abin da ya kamata a yi a fili yake. Na farko, duk wanda ya daɗe yana aikin dindindin da sunan wucin gadi a tantance shi, a ba shi takarda da mataki. Na biyu, a daidaita sunan da ke takarda da aikin da mutum yake yi, mai tuƙi a rubuta shi direba. Na uku, ƙarin girma ya zo da kuɗinsa da ariyas ɗinsa. Na huɗu, a buɗe rufin nan na mataki na 07, a yi wa ƙwararren mai sana'a hanyar hayewa ta gwajin aiki da horo, ba sai da takardar jami'a kaɗai ba. Na biyar, a ba masu aikin ƙazanta da haɗari kayan kariya da alawus na musamman, a kuma tabbatar sun shiga tsarin diyyar ma'aikata da dokar 2010 ta tanada ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, wadda ake yankar kuɗinta daga albashin waɗannan raunana, ita ma ta tuna cewa ba don manyan ma'aikata kaɗai aka kafa ta ba.

Su kuma 'yan uwa matasa akwai nasu aikin. Wanda ya iya sana'ar hannu ya je ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, mai aji uku, daga na uku zuwa na ɗaya, domin ita ke raba lebura da mai sana'a a takardar albashi. Wanda za a ɗauka aiki ya tambaya tun farko: a wane layi, a wane mataki, ina takarda? Kada ya sayi gurbi da cin hanci, don wanda ya shiga ta bayan gida ba shi da bakin neman haƙƙi. Wanda kuma Allah Ya ba karatu, ya zauna da mahaifinsa ko maƙwabcinsa da bai iya boko ba, ya karanta masa takardunsa, ya lissafa masa shekarun da ya yi a mataki guda, ya rubuta masa takardar koke cikin ladabi da hujja. Sau da yawa haƙƙi yana salwanta ne don mai shi bai san yana da shi ba.

Daga ƙarshe, in an fito masallaci aka ga dattijo a cikin lambatu, a yi masa sallama da sannu da aiki. Ba za ta ƙara masa mataki ba, amma al'ummar da ta raina mai yi mata wannan aiki ba za ta taɓa tilasta wa mahukunta su auna guminsa da adalci ba. Allah Ya kyauta, Ya bi wa raunana haƙƙinsu.