Dodo Ya Zama Ango

A 'yan shekarun nan wani irin littafin Turanci ya yi tashe a Amurka da Ingila, har ya fara iso mana ta wayar hannu. Labarun soyayya ne, amma ba a cikin gari ake yin soyayyar ba, sai a dajin sihiri, inda aljanu ke sarauta, kuma waɗansu halittu da Turawa ke kira gobilin ke zaune a ƙarƙashin ƙasa. Ni a ganina ba dajin ko sihirin ne abin tsoro ba. Abin da ya kamata mu duba, mu ɗalibai da iyayenmu, shi ne irin soyayyar da ake koyarwa a ciki.

Da farko dai, ba don mu aka rubuta yawancinsu ba. A shekarar 2009 ne wani kamfanin buga littattafai na Amurka, St. Martin's Press, ya fito da sunan wani rukuni, watau littattafan sababbin manya, don masu shekara 18 zuwa ashirin da wani abu. Saboda haka akan sa musu zantuttukan ɗaki waɗanda ba su dace da ɗan aji uku ba. Bangon kuwa furanni ne da itatuwa, sai uba ya gani ya ɗauka tatsuniya ce, har ya yi murna 'yarsa ta duƙufa ga karatu.

Shi gobilin ba baƙo ba ne a adabin Turawa. A can da, ɗan ƙaramin dodo ne mummuna, mai wayo da haɗama. A 1862 Christina Rossetti ta fitar da waƙarta Goblin Market, inda waɗannan halittu ke tallar 'ya'yan itace don su yaudari 'yam mata. Laura ta saya da gashin kanta, ta sha, ta shiga ramewa kamar za ta mutu, sai da 'yar'uwarta Lizzie ta sai da rai ta cece ta. A 1872 kuma George MacDonald ya rubuta The Princess and the Goblin, inda suka ƙulla makircin sace 'yar sarki su aura wa yarimansu, aka kuwa watsa shirin. Ashe ke nan labarun da gargaɗi ne: kada zaƙin baki ya ja ki daji. Haka tatsuniyoyinmu suke, inda yarinyar da ta ƙi samarin garinsu takan bi kyakkyawan baƙo, sai sun yi nisa ya rikiɗe ya koma Dodo.

To, yanzu an juya labarin. Dodon ya zama kyakkyawa, shi ne ma angon. A littafin Wintersong na S. Jae-Jones, na 2017, wanda aka yi don matasa, Sarkin gobilin ya ɗauke ƙanwar Liesl, ita kuma ta bi su ƙarƙashin ƙasa, ta yarda ta aure shi don a saki ƙanwar, sa'an nan ƙauna ta shiga. A littafin Sarah J. Maas na 2015, A Court of Thorns and Roses, Feyre mai shekara 19 ta kashe kyarkeci a daji, aka tafi da ita ƙasar aljanu a kan diyya, ta kuma kamu da son wanda ya tafi da itan. Tsarin ɗaya ne: a ɗauke yarinya ba da sonta ba, a raba ta da danginta, daga baya a ce so ne.

Wannan shi ne abin da ke damuna. Yarinyar da ta karanta irin wannan sau goma tana iya ɗauka cewa saurayin da ke bincika wayarta, yana hana ta ƙawaye, yana yi mata tsawa, tsananin ƙauna ce ke sa shi. Yaro kuma ya zaci haka ake zama namiji. Alhali kuwa kishin da ke kulle ƙofa ba so ba ne, mallaka ce.

Amma fa ba zan ce littattafan ba su da amfani ba. Wanda ya karanta shafi ɗari huɗu na Turanci don kansa ya ƙaru da kalmomi fiye da wanda aka tilasta wa hadda. Kuma ita Maas ɗin, a littafi na biyu na 2016, ta nuna angon ya kulle Feyre a gida da sunan kare ta, aka fitar da ita, ta ƙi komawa. Sai dai mai tsayawa a na farko ba zai ga wannan darasi ba.

Don haka ba na goyon bayan a ƙwace waya a ce an gama, domin abin da aka hana shi ya fi shiga rai. Iyaye, ku tambayi sunan littafin, ku bincika shekarun da aka yi shi dominsu, ku sa a ba ku labarin. Malamai kuma su taimaka mana da zaɓi a laburare. Mu kuwa ɗalibai, duk sa'ad da muka buɗe irin wannan littafi, mu yi tambaya ɗaya: shin yarinyar nan tana da ikon ta ce a'a, ta koma gidan ubanta? In ba ta da shi, to, kome kyan angon, Dodo ne.