Motar Kara Ko Bindigar Roba: Me Muke Miƙa Wa Yaranmu?

Duk lokacin da kamfanin Lego ya sanar da cewa sababbin kayan wasansa na Ninjago suna tafe, tun kwalayen ba su isa kanti ba ake fara gardama a kansu. Masu sha'awar kayan, yara da manya masu furfura, sukan ƙura wa hotunan farko ido su yi ta yanke hukunci. Wani ya ce an cika motocin yaƙi da mutum-mutumin ƙarfe har an manta da gine-ginen Japan na dauri. Wani ya ce shi dai a ba shi dodo mai fukafukai, komai ya biyo baya. Iyaye kuma, kamar iyayen ko'ina, kukansu tsada.

Ga wanda bai san kayan ba, ƙananan bulo ne na roba masu maƙalewa da juna, yaro ya harhaɗa su ya tayar da gida ko jirgi, ya rushe, ya sake wani abu dabam. Ninjago kuwa wani reshe ne da aka fara sayarwa a watan Janairun 2011. An ɗauko ninja, waɗanda a tarihin Japan na ƙarni na 15 da na 16 'yan leƙen asiri ne kuma mayaƙan haya, aka mayar da su samari masu rufe fuska da kaya kala-kala: Kai mai ja, Jay mai shuɗi, Cole mai baƙi, Zane mai fari, da tsohon malaminsu Wu, daga baya Lloyd mai kore ya shigo. Kamfanin ya yi niyyar rufe babinsu a 2013 ya maye gurbinsu da wani reshe mai suna Chima. Masoya suka ƙi yarda, suka yi ta ƙorafi, ciniki kuma bai ja baya ba. A 2014 aka dawo da Ninjago, Chima ɗin ne ma ya shuɗe.

Mutumin Talata Mafara zai ce ina ruwansa, kuma yana da hujja. Kuɗin babban kwali ɗaya ya fi na buhun hatsi, kuma ba a kasuwar Talata ake baje irinsa ba. Amma akwai abu biyu a cikin kwalin nan, gini da faɗa, kuma dukansu sun shafe mu. Abin da yake ci mini rai shi ne faɗan ya iso mana a araha, a kan tire da baro, ginin kuwa da muke da namu tun kaka da kakanni muna kallo yana suɓuce mana.

Wanda ya yi ƙuruciya a Bakura ko Maradun ko ƙauyukan da ke kewaye da Mafara ya san abin da kaka take kawo wa yara bayan hatsi. Da an yi girbin dawa, kara ya zama nasu. Yaro zai zauna da 'yar reza ko guntun wuƙa, ya ɓare ɓawon karan siri-siri, ya yayyanka totuwar daidai wa daida, ya riƙa soka wannan cikin wancan har mota ta miƙe. Ba kowace irin mota ba, sai wadda ya gani a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, da kanta da bodinta da madubin gefe, wani har da rubutu a bayanta. Taya kuwa daga mataccen silifa ake yankowa, ko a huda marfin kwalba. In taya ɗaya ta fi 'yar uwarta girma, motar za ta karkace, sai ya cire ya sake auna ta. Ba mai koya masa lissafi a wurin, amma lissafi yake yi. Waɗanda suka ɗan tasa su koma ga gwangwanin madara da waya, su yi wa motar sitiyari mai dogon hannu wanda in an murɗa shi tayoyin gaba su juya. A bakin gulbi da magudanan ruwan madatsar Bakolori wasu na can suna ƙera shanu da raƙuma da yumɓu, suna shanya su a rana. 'Yan mata na gina ɗakin amarya, suna jera kwanonin marafen kwalba, suna tuwon ƙasa.

Su ma fa suna da tasu gardamar, kuma ba ta gaza ta masoyan Lego zafi ba. A kowace unguwa an san gwanin mota. Yara sukan kewaye sabuwar da ya fito da ita su yi mata ƙwaƙƙwafi: gaban bai yi kama da na tirela ba, bodin ya yi tsawo, ƙofar ba ta buɗewa. Gwanin ya ji, ya ɓata rai, gobe ya dawo da wadda ta fi. Bambancin kawai shi ne yaron Turai littafi yake bi shafi-shafi ya haɗa abin da wani ya zana masa, namu kuwa shi ne mai zanen, shi ne mai neman kayan, shi ne maƙerin. Ban raina na Turawan ba. Akwai kwalin birnin Ninjago da aka fitar a 2017 mai ɗauke da guntaye 4,867, kuma duk yaron da ya zauna ya haɗa shi ya koyi haƙuri. Sai dai ban ga dalilin da zai sa mu ɗauki namu wasan banza ba, har uba ya tarar da ɗansa yana fere kara ya daka masa tsawa wai yana tara wa gida shara.

To me ya maye gurbinsa? A shiga kasuwa ana saura kwana kaɗan Sallah. Bindigogin roba ne jere, ƙanana da manya, wasu an ƙera su da siffar wadda kowa a jihar nan ya san sunanta kuma ya san ƙararta. Wasu suna harba ƙananan ƙwayoyi masu iya tsiyaye ido. Yaro ya riƙe rigar ubansa: "Baba, don Allah waccan babbar." Mai kaya ya ƙara masa da cewa, "Alhaji, saya masa mana, duk abokansa sun saya." Uban ya zaro kuɗi don kada a ga gazawarsa. Wanda ba a saya wa ba ya haɗa da goron Sallarsa. Da yamma sai ka ga ayarin yara sun naɗe fuska da tsumma, ido kawai ake gani, suna laɓewa a lungu suna tare 'yan uwansu.

Rufe fuskar ba sabon abu ba ne. Tun zamanin kaset, lokacin da finafinan Chana da irin su American Ninja na 1985 suke cika gidajen kallo, yara ke ɗaure kai da ɗankwalin uwarsu suna tsalle suna ihu. Mu ma mun yi. Amma a wancan lokacin mai rufaffiyar fuska a cikin akwatin talabijin kawai yake. Yau ba haka ba ne, kuma ba sai na tuna wa mutanen ƙananan hukumomin Mafara da Bakura da Maradun ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. A wannan lokacin aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Yaron da ke goye ko yake tatata a lokacin, shi ne yau yake riƙe da bindigar roba. Ya ji manya suna ƙus-ƙus kan kuɗin fansa, ya ga an sayar da shanu da gona, wataƙila ya kwana a daji tare da uwarsa. Na ji da kunnena yara suna wasa ɗaya yana ce wa ɗaya, "Ka faɗa wa babanka ya kawo miliyan biyu." Babu wanda ya yi dariya cikin manyan da ke zaune.

Na san abin da za a ce. Yaro namiji a ko'ina yana son wasan jarumta, kuma ba duk wanda ya riƙe bindigar wasa ke zama ɗan ta'adda ba. Gaskiya ne. Ban yarda cewa roba ce ta kai samarinmu daji ba. Talauci da zalunci da rashin makaranta da sakacin hukuma sun ishe su dalili. Akwai ma masu cewa da wasan ne yaro yake amayar da tsoron da ya haɗiye, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mu da muke da dambe da kokawa da langa ba za mu ce ba mu san wasan ƙarfi ba. Amma dambe yana da fage, yana da masu raba faɗa, wanda ya kayar kuma yakan miƙa hannu ya tayar da abokin karawarsa. Ko su ninjan Lego, a labarinsu, suna da malami da ke tsawata musu, kuma kare garinsu suke yi. Wasan da yaranmu ke yi a lungu ba shi da malami. Wanda ya fi kowa girma a cikinsa shi ne mai babbar bindiga, kuma shi kowa ke so ya zama. Wannan ne abin tsoron. Abin da yaro ya gani yana samun girma da biyayya a idon mutane, shi yake kwaikwayo, mu kuma mun sa kuɗinmu mun saya masa kayan aikin.

Abin lura, shi kansa kamfanin da ke sayar da ninja yana da iyakar da ya shata. Wani kafinta ne a garin Billund na ƙasar Denmark, Ole Kirk Christiansen, ya fara shi a 1932 da kayan wasa na katako, kuma har yau ƙa'idarsu ita ce ba sa ƙera kayan yaƙin zamani da suka yi kama da na gaske. A 2020 sun gama shirya wani jirgin sama mai suna Osprey, irin wanda sojojin Amurka ke amfani da shi, masu rajin zaman lafiya a Jamus suka yi ca, kamfanin ya janye shi ana dab da fara sayarwa. Ba waliyyai ba ne, 'yan kasuwa ne, kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Canterbury ta New Zealand a 2016 ya nuna takubba da sauran makamai sai ƙaruwa suke yi a kwalayensu. Duk da haka, mutanen da ba sa jin harbi da dare sun ga ya dace su sa iyaka. A Afghanistan, wadda ta san abin da muka sani, gwamnati ta haramta sayar da bindigogin wasa a 2015, bayan da aka kai mutum fiye da ɗari asibiti da raunin ido a bikin ƙaramar Sallah, akasarinsu yara.

Addininmu bai hana yaro wasa ba. Malamai suna karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, har da wani doki mai fukafukai wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Su ne kuma suke karantar da mu hanin da ya yi na mutum ya nuna ɗan uwansa da makami. Ba fatawa nake bayarwa kan roba ba, wannan aikin malamai ne. Ina dai mamakin yadda limaminmu zai yi huɗuba kan ɗinkin Sallah da askin samari, amma bai taɓa ce wa iyaye uffan kan abin da suke danƙa wa yara a hannu ranar idi ba.

Sannan a duba asarar da muke yi. Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, tun yana yaro yake zane da ƙera 'yan motocin wasa. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur a 2007. Irin waɗannan hannuwa suna nan a Mafara da Bakura da Maradun. Ga madatsar Bakolori da kamfanin Italiya ya gina aka kammala a 1978, da magudananta da ƙofofin ruwanta, kullum tana neman masu gyara. Ga injinan ban ruwa, ga na casar shinkafa, ga farantan sola da suka fara cika rufin gidaje. Wa zai riƙe su in yaran da ya kamata su saba da aunawa da haɗawa sun tashi ba abin da yatsunsu suka iya sai jan kunamar bindiga?

Ƙananan hukumomin nan uku kowace ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Ba manya muka rasa ba. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a cikin garin Mafara, da malamanta da ɗakunan gwajinta. Ba sai an jira kasafin kuɗi ba kafin a shirya gasar ƙera motar kara da ta gwangwani tsakanin makarantun firamare da islamiyyu bayan girbi, ɗaliban injiniya su zama alƙalai, a bai wa gwanaye littattafai da filaya da sukudireba. A bar yaran su yi gardamarsu a fili, a saurare su yadda kamfanin Lego ya saurari masoyansa. Shugabannin kasuwa kuma, tare da hakimai da sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, su zauna da 'yan tireda tun Sallah da saura, kafin su tafi Kano sarin kaya, a yi yarjejeniya cewa bindiga mai harba ƙwaya da mai kama da ta gaske ba za ta hau tire ba. Mai kaya ba zai yi asara ba, akwai ƙwallo, akwai keke, akwai bulon roba na Chana mai araha wanda yaro zai yi gini da shi. Uban da ɗansa ya riƙe masa riga a kasuwa kuwa, shi ba ya buƙatar zaman kowa kafin ya ce a'a.