Shin Mota Mai Ɗaki Za Ta Tsira Daga Wuƙar Tsimi?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, batun da nake so mu duba a wannan karo ya shafi wata mota ce da ake ƙerawa a ƙasar Jamus. Kamfanin Volkswagen ne ke yin ta, sunanta kuwa California. Daga waje bas ce ƙarama, jikar kombin nan da iyayenmu suka sani tana jigilar fasinja, wadda mutanen Ikko ke kira danfo. Amma in ka leƙa ciki sai ka tarar da ɗaki sosai. Kujerun baya sukan miƙe su zama gadon mutum biyu, rufin kuma yakan ɗaga sama ya ba da wani gadon na mutum biyu. A masu tsadar cikinsu har da murhun gas, da firiji, da kabad, da wurin wanke kwano. Bature yakan ɗebi iyalinsa a ciki lokacin hutu, su nufi bakin teku ko gindin dutse, inda dare ya yi musu nan su kwana, ba ruwansu da kuɗin masauki.

Tambayar da ke gabanmu ita ce, yanzu da kamfanin ya shiga tsuke bakin aljihu, shin wannan mota tana kawo ribar da za ta hana a yanke ta? Ni dai ra'ayina shi ne tana kawowa, kuma yanke ta zai zama wauta. Amma fa rayuwarta ba a hannunta take ba, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Da farko ya kamata mu san abin da ya jawo tsimin, domin ruwa ba ya tsami banza. A 2015 aka kama kamfanin da laifin maguɗi wajen gwajin hayaƙin motocinsa masu amfani da dizal, abin da ya ci masa fiye da Yuro biliyan 30 na tara da diyya. Bayan wannan sai kasuwarsa mafi girma, watau ƙasar Sin, ta fara kuɓuce masa, har a 2023 wani kamfanin Sinawa mai suna BYD ya wuce shi a yawan ciniki a can. A Turai ma ciniki bai koma yadda yake kafin annobar korona ba. A watan Satumba na 2024 shugabannin kamfanin suka bayyana cewa sun rasa cinikin motoci wajen 500,000 a shekara, watau aikin masana'anta biyu ke nan, suka kuma ce mai yiwuwa ne su rufe wasu masana'antu a cikin Jamus. Aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall har da yajin aiki, sai ran 20 ga Disamba 2024 aka daidaita. Aka yarda za a rage ma'aikata fiye da 35,000 a Jamus kafin 2030, za a rage yawan motocin da ake iya ƙerawa da 734,000 a shekara, za a kuma daina ƙera mota a masana'antar Dresden a ƙarshen 2025. A irin wannan hali kowace mota sai ta kare kanta a gaban masu lissafi.

To, masu ganin ya kamata a yanke mota mai ɗaki ba su rasa hujja ba, kuma adalci ne mu saurare su. Hujjarsu ta farko ita ce ƙarancinta. Tun da kamfanin ya fara haɗa ta da kansa a 2003, sai a 2018 ya cika guda 100,000. In muka raba wannan da shekara goma sha biyar, za mu ga bai kai guda 7,000 a shekara ba. Alhali kuwa kamfanin gaba ɗaya ya sayar da motoci wajen miliyan 9 a 2024. Ko da cinikinta ya ninka tun daga wancan lokaci, har yanzu cikin cokali ce a cikin tulu.

Hujja ta biyu ita ce aikin hannu. Motar yau da kullum inji ne ke yin yawancin aikinta, tana tafiya a kan layi ana ɗaura mata kaya. Ita kuwa wannan sai an gama ƙera jikinta a babbar masana'antar Hanover, sa'an nan a kai ta wata ƙaramar ma'aikata a unguwar Limmer ta wannan birni, inda mutane za su shiga ciki su kafa kabad, su ja bututun gas da na ruwa, su ɗora rufi mai ɗagawa. Ma'aikacin mota na Jamus kuwa yana cikin mafiya tsadar albashi a duniya.

Hujja ta uku ita ce, kayan marmari ce. Sabuwar da ta fito a 2024, mafi arahar cikinsu ta haura Yuro 60,000 a Jamus. In aljihu ya yi zafi, magidanci ba zai fasa sayen abinci ba, amma zai fasa sayen motar yawon hutu. An ma ga alamar haka. Lokacin korona, da mutane ke gudun jirgi da otal, cinikin irin waɗannan motoci ya bunƙasa, har aka yi wa sababbi fiye da 78,000 rajista a Jamus a 2020. Da ƙura ta lafa sai dillalai suka wayi gari da motoci jibge ba masu saye, har wani babban kamfanin wannan sana'a, Knaus Tabbert, ya tsai da aiki na wasu makonni a ƙarshen 2024.

Duk waɗannan maganganu gaskiya ne, amma ni ina ganin sun ɗauki lissafin ta wutsiya. A darasin kasuwanci an koya mana cewa kuɗin da ɗan kasuwa ke kashewa iri biyu ne. Akwai wanda zai biya ko ya yi ciniki ko bai yi ba, kamar kuɗin hayar shago. Akwai kuma wanda ke ƙaruwa da yawan kayan da ya yi. A sana'ar mota na farkon shi ne mai karya ƙugu, watau zana sabuwar mota, da ƙera injinta, da gwada ta, da sayen na'urorin da za su buga ƙarfenta. Ita California ba ta buƙatar a sake kashe yawancin wannan kuɗi dominta, saboda a kan bas ɗin da kamfanin ya riga ya ƙera ake gina ta. Injin ɗaya ne, ƙafafun ɗaya ne, gangar jikin ma kusan ɗaya. Abin da aka ƙara shi ne kayan ɗaki, kuma a kan wannan ƙarin mai saye ke biyan dubban Yuro da daɗin rai. Kowace guda da aka sayar tana taimaka wa bas ɗin biyan kuɗin zanensa, sa'an nan ta kawo nata na kanta. In aka yanke ta, hayar shagon tana nan ba ta ragu ba, sai dai masu taya biya su ragu.

Tarihi ma ya ba da shaida. Tun 1951 wani kamfani dabam mai suna Westfalia ne ke karɓar kombi yana mai da ita ɗaki, kuma shi ne ya haɗa California ta farko a 1988. Da kamfanin DaimlerChrysler, masu Marsandi, suka mallaki wannan sashe na Westfalia a 2001, Volkswagen tana da zaɓi biyu, ko ta bar sana'ar ko ta rungume ta. Sai ta buɗe ma'aikatarta ta kanta. Ɗan kasuwa ba ya ƙwace aiki daga hannun ɗan kwangila ya gina masa gida sai in ya hango maiƙo. Bayan haka ma ƙara yawan irinta ta yi, ta fito da babba mai banɗaki, Grand California, a 2019, ta kuma biyo da ƙarama a kan motar Caddy a 2020. Su kuma abokan gasa ba su yi barci ba, Marsandi na da Marco Polo, Ford na da Nugget. Duk ranar da Volkswagen ta tashi daga wannan rumfa, kafin la'asar wani ya shimfiɗa kayansa.

Bugu da ƙari, akwai amanar da mai saye ke samu. Wanda ya sayi bas ya kai wa wani maƙeri ya mai da ita ɗaki, in rufin ya fara yoyo, mai mota zai ce laifin maƙeri ne, maƙeri ya ce laifin mai mota ne. Wanda ya sayi wadda kamfani ya haɗa tun daga tushe kuwa, ƙofa ɗaya zai ƙwanƙwasa. Tsayinta kuma bai kai mita biyu ba, saboda haka tana shiga wuraren ajiye motoci na cikin gari, mai ita ya tafi aiki da ita ran Litinin, ya kwana a cikinta ran Asabar. Wannan ne ya sa ko ta kwana biyu ba ta saurin zubar da daraja a kasuwar na hannu, shi kuma ke sa mai sayen sabuwa ba ya yawan taya.

To, ina haɗarin yake ke nan? Haɗarin yana ga bas ɗin da ke goye da ita. California goyo ce, in uwa ta faɗi ba a tambayar lafiyar ɗa. Mu tuna da abin da ya sami tsohuwar kombi a ƙasar Barazil. An yi ta ƙera ta a can ana saye har watan Disamba na 2013, sai dokar ƙasar ta wajabta wa sababbin motoci jakar iska mai kare direba da birki na zamani daga farkon 2014. Kamfanin ya ga kuɗin gyara tsohon zanen ya fi ribar, sai ya sallame ta, ga masu so kuwa suna nan. A Jamus ma an ga wani abu mai kama da haka. Don rage kashe kuɗi, Volkswagen ta haɗa kai da Ford, sabuwar bas ɗinta ta ɗaukar kaya mai suna Transporter ta koma ana ƙera ta a masana'antar Ford da ke Turkiyya. Ita kuwa California ta 2024 sai aka sauya mata uwa, aka ɗora ta a kan Multivan, wadda ake ƙerawa a Hanover. Yarjejeniyar Disamba 2024 ta bar wa Hanover aikin Multivan ɗin, saboda haka goyo ya tsira a wannan zagaye. Amma in wata rana cinikin Multivan ya kasa riƙe masana'antar, to, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Akwai kuma batun lantarki, wanda Turai ta fuskanta. Batirin mota abu ne mai nauyi ƙwarai, kayan ɗaki ma haka, ga shi lasisin tuƙi na kowa da kowa a Turai an daɗe da ƙayyade shi a kan tan 3.5. In aka haɗa batir da gado da tankin ruwa da mutum huɗu da kayansu, sai a matse wannan iyaka. California ta 2024 tana da irin da ke haɗa fetur da lantarki, wannan kuwa mataki ne na tsaka-tsaki. Ranar da ya zama dole a zana mata jiki na musamman ita kaɗai, ranar ce lissafin da na kawo a sama zai juye, domin motar da ake sayar da 'yan dubbai ba za ta iya ɗaukar kuɗin zane ita kaɗai ba.

Saboda haka amsata ga tambayar ita ce, mota mai ɗaki tana biyan kuɗin abincinta har da rara, muddin bas ɗin da ke ƙarƙashinta yana raye. Shawarar da zan ba masu kamfanin, da za su ji ta ɗan makaranta, ita ce su kai wuƙar inda kitse yake, watau yawan ofisoshi da masana'antun da ke aiki rabi da rabi, su kuma rage yawan launi da salon da ke wahalar da masu haɗa ta. Amma su bar wa ma'aikatan Limmer sana'arsu, domin gwanintar da aka tara tun 2003 ba a sayo ta a kasuwa in an watsar.

Mu kuma ɗalibai da iyayenmu, akwai abin ɗauka a nan ko da ba za mu taɓa kwana a cikin irin wannan mota ba. In kasuwa ta yi sanyi, mai shago yakan yi saurin fid da kayan da ba su da yawa a kanta, alhali wani lokaci su ne ke biya masa haya. Kafin a yanke abu, a tambaya nawa yake ci, nawa yake kawowa, me kuma zai rage a wuyan mutum bayan an yanke shi. Allah ya ba mu basirar tsimi mai amfani, amin.