A Bar Mai Ƙaramin Tumbi Ya Ci Daidai Cikinsa

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla su ara mini hankalinsu, domin in yi magana a kan wani abu da ya faru a danginmu nan Matazu, wanda kuma nake ganin ba zai tsaya a kanmu mu kaɗai ba.

Ina da kawu mai fataucin hatsi, yana bin kasuwannin Funtua da Malumfashi da Dandume. Tun ina ƙarami na san shi da ƙiba, kuma kowa na cewa Alhaji ya ji daɗi. Wata rana don raha ya hau sikelin da ake auna buhuna, sai ga shi ya rinjayi buhun masara mai kilo 100. Aka yi ta dariya har da shi. Amma a gida ba dariya ake yi ba, domin ciwon sukari da hawan jini sun kama shi, gwiwoyi sun ƙi, har salla sai a kan kujera. Da magani ya kasa, likitansa ya ba shi shawarar tiyatar rage tumbi. Ya tafi ƙasar Masar aka yi masa, ya dawo lafiya. Mu duka muka ɗauka an gama, ashe a lokacin ne aikin ya fara.

Bari in ɗan bayyana wannan tiyata, don da yawa suna rikita ta da zuƙe kitse. Zuƙe kitse aikin gyaran sura ne, ba ya taɓa tumbi. Ita kuwa wannan iri biyu aka fi yi. A na farko, likita yakan yanke wajen kashi 4 cikin 5 na tumbi ya fitar, ya bar wani siriri mai kamar ayaba. Shi aka yi wa kawu. A na biyu, akan ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi a haɗa shi da hanji kai tsaye, watau abinci ya bi ta gajeriyar hanya. Wani likita Ba'amurke mai suna Edward Mason ne ya fara wannan na biyu a jami'ar Iowa wajen 1966. Tumbin babban mutum yakan ɗauki lita guda ko fiye, amma bayan tiyata abin da zai ɗauka bai wuce ƙaramin kofin shayi ba.

To, a nan ne aka sami matsala. Mu Hausawa da abinci muke nuna ƙauna. Baƙo bai zauna ba an kawo ruwa da fura, kuma wanda ya ci kaɗan sai a ce ya raina girki. Kawu yana mako na uku da tiyata, kakarmu ta tuƙa masa tuwon masara da miyar kuka, ta zuba man shanu, ta zauna gabansa ta ce, "Kai ɗan nan, dubi yadda ka koma. Ci mana, hannuna ne ya tuƙa." Ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, likita ya hana." Ta ce, "Likitan ne ya haife ka?" Don kunya ya yi loma uku. Ba a jima ba ya kama ƙirji, ya yi ta amai, gida ya rikice. Kaka ta fashe da kuka tana cewa an cuce mata ɗa. Ba mugunta ta yi ba, rashin sani ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ra'ayina shi ne, wanda aka yi wa wannan tiyata, lafiyarsa tana hannun mai girki da masu zama da shi kamar yadda take hannunsa. Saboda haka ya wajaba dukan gida su san dokokin, kuma su taimaka a bi su.

Na farko, abinci hawa-hawa ake komawa gare shi. Kwanakin farko sai ruwa da romo tatacce. Daga nan sai abin sha mai ɗan kauri irin su madara da kindirmo da koko marar sukari. Sannan abin da aka dama ya yi laushi kamar na yaye, irin faten wake da aka tace. Sannan mai taushi, kamar alala da dafaffen ƙwai da kifi. Yawanci sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a koma abincin kowa da kowa, shi ma da izinin likita. Ɗinkin da ke ciki yana bukatar lokaci ya warke. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, tunda wurin ƙarami ne, sai a fara sa abin da ya fi amfani. Likitoci sukan nemi mutum ya samu giram 60 zuwa 80 na sinadarin gina jiki kowace rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka sai an rarraba cin a ƙananan kwanuka sau biyar ko shida. A nan Allah ya rufa mana asiri, domin wake da waken suya da gyaɗa a gonakinmu ake noma su, nono kuma Fulani na kawowa kullum. Awara da alala da kindirmo da naman kaza sun wadatar, ga zogale da rama da kuɓewa. Mu mun saba tuwo ne babba, miya 'yar rakiya. Shi kuwa sai an juya masa, wake ko nama a gaba, ganye na biye, tuwo loma ɗaya ko biyu a ƙarshe in akwai sauran wuri. Kowace loma a tauna ta sosai, kuma da an ji alamar ƙoshi a cire hannu, ko da kwano bai ƙare ba.

Na uku, ba a haɗa ci da sha. Mu mun saba kora tuwo da ruwa, shi kuwa sai ya jira kamar minti 30 bayan cin abinci. Duk da haka yana bukatar aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, watau ledar fiya wata uku, kuma da kurɓi-kurɓi zai sha, ba kwankwaɗa ba. A zafin Maris da Afrilu, wanda bai riƙe gorar ruwa a hannu ba yana iya ƙarewa a gadon asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Lemon kwalba mai gas yana kumbura ciki. Abin zaƙi kuwa, irin shayi mai sukari da zoɓo da fura da aka cika wa sukari, yakan zarce cikin hanji da sauri, musamman ga mai tiyata iri na biyu, sai a ga zufa da jiri da bugun zuciya da gudawa.

Na huɗu, akwai ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da zai riƙa sha har iyakar rayuwarsa, tare da gwajin jini lokaci-lokaci, domin jikinsa ba ya tsotsar su daga abinci kamar da. Kada kuma a saya masa maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a kemis, don suna iya jawo masa gyambon ciki. Mace sai ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumi ma, musamman a shekarar farko, sai a tambayi likita tukuna, tunda addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Na biyar shi ne awon nauyi. Kawu ya fara da hawa sikeli safe da yamma, in bai ga ragi ba ransa ya ɓaci. Daga baya aka koya masa ya auna sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe kafin karin kumallo, a kan sikeli ɗaya. Ni ya ba aikin rubutawa. Na ware littafin rubutu mai shafi 40, ina sa kwanan wata da kilo, da abin da ya ci da ruwan da ya sha. Littafin ya nuna mana abin da likita ya faɗa: nauyi yana zuba da sauri a wata shida na farko, sannan ya lafa, wani lokaci ya tsaya cik na 'yan makonni, kuma yakan daidaita tsakanin wata 12 da 18. Mutum yakan manta da tsiren da ya ci a kasuwa, amma littafi ba ya mantawa.

Masu son ƙwallo sun san Diego Maradona na Ajantina, wanda ya ci Kofin Duniya a 1986. An yi masa irin wannan tiyata a Kolombiya a 2005, ya rame har ya ba mutane mamaki. Ƙiba ta dawo, har aka sake yi masa wata a Benezuwela a 2015. Idan mai kuɗi da likitoci kamarsa bai tsira daga komawa gidan jiya ba, to a gane cewa wuƙar likita ba ta yanke hali.

Na san wani zai ce wannan damuwar masu kuɗi ce, a jihar da yara ke fama da tamowa, har ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar su a Katsina tun 2021. Gaskiya ne, kuma yunwa ita ce babbar damuwarmu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, kuma ba mu fita daga duniya ba. A layi ɗaya za ka ga yaro mai tamowa da babba mai ciwon sukari. Darasin wake da awara da zogale kuwa duka biyun yake yi wa amfani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsegumi. Da kawu ya rame, wasu suka ce kasuwa ta karye masa, wasu suka ce sammu ne, wasu suka laƙaba masa cutar da ba shi da ita. Wannan tunani na cewa ƙiba ita ce arziki shi ne ke sa wasu 'yan mata shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki kafin aure. A cikinsu akwai masu kumbura fuska, masu jawo hawan jini da ciwon sukari. Ya 'yan'uwana mata, ku dubi wanda ya sayi tikitin jirgi don a rage masa tumbi, sannan ku tambayi kanku abin da kuke saye da kuɗinku.

Yanzu kawu yana zuwa masallaci da ƙafa, yana sujada a ƙasa kamar kowa, kuma likita ya rage masa magunguna. Kakarmu da kanta ta sayo ɗan ƙaramin kwano ta ce na Alhaji ne, kuma duk baƙon da ya ce masa ya ƙara, ita ce ke fara hana shi.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, idan mutum ya ce ya ƙoshi a yarda da shi, idan likita ya ba da takarda a karanta wa mai girki. Mu ɗalibai kuma, da muke karatu da lissafi, mu riƙe littafin awo, mu rage lemon kwalba, mu riƙa motsa jiki tun yanzu, don rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya, amin.