Matambayi Ba Ya Ɓata: Buƙatar Wayar Jagora a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Wannan karin magana ya dace ƙwarai da halin da talakan karkara yake ciki a kudancin Jihar Katsina. Akwai asibitoci da hukumomi da ƙungiyoyi waɗanda aka kafa domin taimakonsa, amma sau da yawa bai san da su ba, ko kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Makasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa ƙasar Funtuwa da Malumfashi tana buƙatar layin waya guda ɗaya wanda zai riƙa nuna wa mabuƙaci inda zai dosa, sa'an nan a nuna cewa nasarar layin ta dogara ga mutumin da yake amsawa da kundin da yake gabansa.

Ma'anar Wayar Jagora

Wayar jagora ita ce lambar da mutum zai kira ya faɗi matsalarsa, a gaya masa wanda yake da maganinta, da inda yake, da abin da zai tafi da shi. Ta bambanta da wayar gaggawa, wadda ake kira in gobara ta tashi ko mota ta faɗi. Misalin da ya fi shahara shi ne lamba 211 ta Amurka. Ƙungiyar United Way ce ta fara ta a birnin Atlanta a 1997, kuma a 2000 hukumar sadarwa ta ƙasar ta keɓe lambar domin wannan aiki. Wanda ya rasa abinci ko makwanci ko kuɗin haya yakan kira. Mai amsawa ba ya raba hatsi, ba ya biyan haya. Aikinsa shi ne ya haɗa mai nema da mai bayarwa.

Tushen Abin a Al'ada

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan waya, mai unguwa da dagaci su ne ake fara kai wa kuka. Fatoma yakan saukar da baƙo ya haɗa shi da mai saye. Sarkin tasha yakan nemo wa ɓatacce hanyar gida. Ungozoma ta san lokacin da haihuwa ta fi ƙarfinta. Da aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975, tare da na Gusau da na Gombe, bisa tallafin Bankin Duniya, sai malamin gona ya shiga sahun waɗannan 'yan jagora.

To, amma duk wannan tsari ya ginu ne a kan sanayya, watau mutum yana zaune inda aka san shi, aka san iyayensa. Ta'addancin 'yan bindiga ya girgiza wannan tushe. Mutane da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun bar gonakinsu sun koma cikin garuruwa. Wanda ya yi gudun hijira ya baro mai unguwarsa a baya, ya sauka inda ba shi da wanda zai tsaya masa. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa ba shi da ɗan gari.

Abin da Ake da Shi

Ba a rasa lambobi ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, hukumomi suka yi ta buɗe layuka. Akwai 112 ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka buɗe cibiyarta ta Katsina a 2019. Akwai 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, da 6232 ta cibiyar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ita ma ta buɗe layi domin manoma. Illar ita ce kowace lamba gonarta kawai ta sani, alhali kuwa matsalar talaka ba ta zuwa ita kaɗai, kuma mafi yawanta ba ta gaggawa ba ce.

A ɗauki misalin matar da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari a wani ƙauye na Kafur ko Bakori. Tana iya shafe shekaru a ƙuryar ɗaki, alhali asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya daɗe yana yin wannan aiki kyauta. Haka kuma magajiyar da aka danne wa gona ba lalle ta san cewa tun 1976 aka kafa hukumar ba da taimakon lauya ga marasa hali ba. Manomin da tsutsa ta cinye wa masara, irin wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, yana buƙatar malamin gona, yana kuma buƙatar wanda zai ba shi shawara a kan bashin taki da ya ci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da 112 za ta share wa hawaye.

Sharuɗɗan Nasara

Sharaɗi na farko shi ne kundi na gaskiya. Wajibi ne a tattara sunayen asibitoci da ɗakunan shan magani da ofisoshin gona da kwamitocin zakka da ƙungiyoyin marayu, a rubuta ranakun aikinsu da abin da suke karɓa, a kuma riƙa sabunta bayanin. Wanda aka tura daga Ɗanja zuwa Funtuwa ya tarar da ƙofa a kulle ya yi asarar kuɗin mota da yinin gona, kuma ba zai sake kira ba.

Na biyu shi ne harshe. Jin Hausa kaɗai bai isa ba, sai an san yadda mai ciwo yake magana. Kalmar "sanyi" a bakin mace tana iya nufin mura, tana iya nufin ciwon da kunya ta hana ta ambata. "Shawara" ciwo ce, kuma nasiha ce. "Sankara" da "sanƙarau" sun yi kama a kunne, amma tsakaninsu akwai nisa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, don haka wanda ya tsare ta da tambayar suna ya rufe mata baki. A nan ne ɗaliban Hausa da malamansu suke da rawar takawa, ta wajen tattara kalmomi da horar da masu amsawa.

Na uku shi ne kira ya zama kyauta, a riƙe sirri, a kuma sa mata cikin masu amsawa. Na huɗu shi ne bibiya, watau a sake kiran mutum bayan kwana biyu a ji ko ya sami abin da ya je nema.

Sukar da Za a Iya Yi

Wani zai ce waya ba abin dogaro ba ce. Yana da hujja, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi. Wannan ya nuna cewa lalle a buga kundin a takarda, a ajiye shi a hannun masu unguwanni da limamai da ungozomomi, a kuma riƙa karanta shi a rediyo.

Wani kuma zai ce nuna hanya ba ya cika rumbu, in asibitin da aka tura mutum ba shi da magani. Gaskiya ne. Sai dai kowane kira da aka kasa biya wa buƙata shaida ce a rubuce. In aka tara su ƙarshen shekara, majalisar ƙaramar hukuma za ta ga inda giɓi yake, kuma ba za ta ce ba ta sani ba.

Kammalawa

A taƙaice, wayar jagora ba ta buƙatar dogon gini. Ɗaki ɗaya a sakatariyar Funtuwa ko ta Malumfashi, da ma'aikata masu haƙuri da sanin ƙasa, da kundin da ba ya ƙarya, sun isa a fara. Ya rage ga gwamnatin jiha da sarakuna da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su ɗauki nauyin. Matambayi ba ya ɓata, in dai akwai wanda zai amsa masa da sani.